Daren da Na Kwana Su a Bakin Teku

  Shugabannin zumuntarku sun roƙe ni in rubuta muku wani abu na wannan mako. Na ɗauko littattafaina na kwalejin tauhidi da niyyar shirya darasi mai kai da ƙafa, sai zuciyata ta ƙi rabuwa da wani dare guda da na kwana a bakin teku tare da ƙanena. Na kira shi na nemi izininsa. Ya ce, "Yaya, faɗi duka, kada dai ka sa sunana." A gida Auta muke ce masa, don shi ne na ƙarshe a ɗakinmu, haka kuma zan kira shi a nan.

Kun dai san ƙasarmu. Daga Gumel zuwa Maigatari, daga Gagarawa zuwa Sule Tankarkar, babu wani babban kogi da ya ratsa ta. Ruwanmu na rijiya ne mai zurfi, sai na famfon burtsatse, sai kududdufin da ke cika a watan Agusta ya ƙafe kafin sanyi ya wuce. Kifin da muka tashi da shi busasshe ne ko banda, wanda ake kawowa daga Haɗeja, ko Nguru, ko Baga ta bakin tafkin Chadi. Daga baya ne kifin ƙanƙara ya shigo a kwali, muna ci ba mu ko tambayi inda ya fito ba. Gishiri kuwa, a tunanina na yaro, daga hamada kawai yake zuwa, domin a kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis nake ganin kantun Balma da kanwa an jibge kusa da raƙuma. Ranar da malaminmu na firamare ya ce akwai ruwan da ba a ganin ƙarshensa, kuma dukansa gishiri ne, dariya muka yi. Kifin rijiya ke nan.

Auta ya tafi Legas a ƙarshen 2021, bayan an gama girbin gero da riɗi. Ba shi ne farau ba. Samarin Jigawa sun daɗe suna wannan ci-rani; wasunku za su tuna labarin watan Agustan 2019, lokacin da aka tare wata babbar mota a Legas ɗauke da mutum 123 da babura 48 daga jiharmu, dukansu masu neman abinci. Don a saya wa Auta babur, Inna ta yarda aka kai ɗaya daga shanun huɗarmu biyu kasuwar Maigatari. Wanda ya san noma ya san abin da wannan yake nufi: sa ɗaya ba ya jan garma yadda ya kamata, sai an yi aro ko haya. Muka ce ba komai, kafin damina biyu Auta zai mayar.

Da farko abin ya yi kyau. Yana aiko da kuɗi, yana kira kowace Lahadi da yamma. Ni da bakina na tsaya gaban jama'a lokacin ba da shaida, na ambace shi a matsayin misalin yaro mai tuna gida. A ranar 1 ga Yunin 2022 gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, har da Ikeja da Surulere da Apapa, daga baya aka ƙara wasu. Auta ya ce mana ya koma can gefen gari, wajen hanyar Badagry. Kuɗin ya ragu. Kiran ya koma sau ɗaya a wata. A tsakiyar 2023 sai layinsa ya daina shiga gaba ɗaya.

Wata shida ba mu ji ɗuriyarsa ba. Inna ta daina cin abinci sosai. In mota ta tsaya a bakin hanya sai ta leƙa. Bayan Kirsimeti ta kira ni ɗakinta ta ce, "Ka je ka nemo mini yarona. Ko gawarsa ce, in dai sani." Ban taɓa jin magana mai nauyin wannan daga bakinta ba.

Na tashi a watan Janairun 2024, kafin a koma karatu. Tafiyar ta fi kilomita 1,000. Na sauka wurin mutanenmu a Agege, na yi kwana uku ina tambaya, har wani mai sayar da albasa, mutumin wajen Sule Tankarkar, ya ce ya ga mai kama da shi yana gadin wani fili a bakin teku, bayan garin Badagry. Badagry tana yamma da Legas, kan hanyar Seme, iyakar Najeriya da Jamhuriyar Benin. Na yi ta tunani a mota: yaron da aka haifa kusa da iyakar arewa ya je ya maƙale a iyakar kudu, daga nan sai ruwa.

Garin yana bakin wani rafi mai faɗi, sai an haye shi da kwale-kwale a bi ta cikin itatuwan kwakwa kafin a isa teku. Mu masu karatun tarihin ikilisiya mun san Badagry: nan Thomas Birch Freeman ya sauka a 1842, nan kuma aka gama ginin benen mishan a 1845, wanda har yau yake tsaye. Amma akwai wani tarihin mai ɗaci. Ta tsibirin Gberefu, da ke tsallaken rafin, aka riƙa kora bayi zuwa jiragen Turawa, har ake kiran bakin ruwan da sunan da ke nufin wurin da ba a dawowa. Cikin waɗanda aka kwashe daga tashoshin wannan gaɓa akwai Hausawa da yawa, har suka shirya tawaye a Bahia ta ƙasar Brazil a 1807. Na tsaya a wurin jikina ya yi sanyi, ina tuna maganar Inna.

Da la'asar na same shi, a wata bukkar ganyen kwakwa cikin filin da aka kewaye da bulo ba a yi gini ba. Ya rame, ya yi baƙi. Da ya gan ni bai gudu ba, bai kuma rungume ni ba. Ya durƙusa ya ce, "Yaya, sannu da zuwa. Ina Inna?" Na ce tana nan da rai. Na duba ko'ina ban ga babur ba, ban kuma tambaya ba. Muka zauna shiru kamar baƙi. Da rana ta kusa faɗuwa ya ce, "Yaya, yau zan fita su, in ban fita ba babu abin miya. Ka kwanta ka huta." Na ce ƙafata ƙafarsa.

A nan na fara ganin teku da idona. Kafin ka gan ta za ka ji ta, wani ruri kamar hadarin da ya ƙi saukowa. Na ɗebi ruwan da tafin hannu na ɗanɗana, na tofar. Malaminmu bai yi ƙarya ba. A kowace lita ta ruwan teku akwai gishiri kimanin giram 35, shi ya sa mai ƙishi in ya sha sai ƙishin ya ƙaru. Auta ya riƙo jarkar ruwan sha daga bukka, domin kana iya kwana gaban ruwan da ya fi ƙasar Gumel faɗi sau dubbai, ƙishirwa kuma ta kama ka.

Wani dattijo yana jiranmu a kan rairayi, mutumin Egun, ƙabilar da ta fi yawa a wajen. Auta yana ce masa Baba. Shi ne ya tsinci Auta lokacin da ba shi da abin kai wa baki, ya koya masa su daga gaɓa. Da Turancin kasuwa suke magana, Auta yana juya mini abin da ya wuce ni.

Kayan aikin ba su da yawa. Babu sandar fatsa irin ta masu kuɗi. Zaren roba ne mai kauri, an naɗe shi a jikin gorar roba, da ƙugiya biyu, da dunƙulen darma a ƙarshe. In babu darma, tsohon fulogin mota ma yana yi. Abin da ake sokawa a ƙugiya jatan lande ne, ko yankan ƙaramin kifi, ko ƙaguwar da ke gudu a kan rairayi da dare, wadda ake kamawa da tocila. Mutum zai warware zaren a ƙasa, ya kaɗa darmar bisa kansa kamar mai majajjawa a gonar gero, ya sake ta ta wuce inda raƙuman ruwa suke fashewa. Daga nan sai ya ɗora zaren a kan yatsa ya jira. Ido ba ya aiki a wannan duhu, yatsa ne ke gani.

Kafin a ba ni zare, Baba ya sa Auta ya faɗa mini dokoki uku. Ta farko, kada in juya wa teku baya ko da zan yi magana da wani, domin cikin raƙuman ruwa akwai wanda yakan zo ya fi 'yan'uwansa girma ba sallama. Ta biyu, kada ruwa ya wuce mini gwiwa, kuma in na ga wani wuri ya yi lumui tsakanin raƙuman ruwa, kada in ɗauka nan ne lafiya: ta nan ruwan da ya hau gaɓa yake komawa da gudu, ya fi ƙarfin gwanin iyo, balle mutumin Gumel. Ta uku, kada in naɗe zaren a hannu, don babban kifi yana iya yanka yatsa ko ya ja mutum.

Na zaci da isarmu za a fara. Baba ya ce ruwa yana janyewa, sai a jira. A nan na koyi abin da ban sani ba duk karatuna. Teku tana da lokacinta. A wannan gaɓa sau biyu take cika sau biyu take janyewa a kwana guda, kuma kowace rana lokacin yana ƙara jinkiri da kimanin minti 50. Wata ne ke jan ruwan, rana tana taya shi. Shi ya sa cikar ta fi ƙarfi a duhun wata da kuma ranar da wata ya cika. Tashin ruwan a nan bai fi kimanin mita ɗaya ba, amma ya isa ya canja komai. In ruwa yana hawowa yakan tono ƙaguwa da tsutsotsi daga rairayi, ƙananan kifaye su biyo abinci, manya su biyo ƙananan, su shigo kwarin da ke bayan raƙuman ruwa, inda jifan mutum zai iya kaiwa. Da dare sun fi sakin jiki su matso. Baba bai taɓa riƙe takardar lissafin cikar teku ba. Wata yake dubawa, kamar yadda tsofaffinmu suke duban gabas su ce yau za a yi ruwa.

Wajen ƙarfe 11 na dare ruwa ya tsaya, sannan ya fara dawowa. Muka jefa. Jifana na farko a gabana ya faɗi, na biyu ya kusa cire wa Auta kunne. Wannan ne karo na farko da na ji ya yi dariya tun zuwana. Ya karɓa ya jefa mini, ya miƙo mini zaren. Muka tsaya a jere, tsakaninmu taku kamar goma, don ruwan wannan gaɓa yana jan komai zuwa gabas, in an matsu zaruruwa su sarƙe.

Dare ne na duhun wata. Can nesa fitilun jirage suna jere kamar wani gari. Baba ya nuna wasu da baki ya ce masu jan taru ne. Dokar ƙasa ta hana irin waɗannan jirage su a cikin mil biyar na teku daga gaɓa, wato kimanin kilomita 9, don a bar wa ƙananan masunta wurin. Ya ce shi dai abin da ya sani, kifin da yake kamawa yana saurayi ya fi na yanzu. Ya lissafa mini abin da ake samu: kuroka, da barakuda mai haƙora, da tarwaɗar teku wadda ƙayarta ke da dafi, sai an yi hankali wajen cire ta.

Sanyi ya sauko. Gishiri ya manne a fuska da leɓe. Kowane minti ashirin sai a jawo zare a tarar ƙaguwa ta cinye abin da aka soka, a sake sokawa, a sake jefawa. Wajen ƙarfe 1 na ji nauyi a zarena. Gabana ya faɗi, na yi ta ja ina kiran Auta ya kawo tocila. Da abin ya iso, buhun leda ne cike da yashi. Baba ya ce in godiya nake so in yi, in gode da ba a ci mini ƙugiya ba.

Bayan ƙarfe 2 Auta ya matso kusa da ni, ya bar dokar taku goma. Yana kallon ruwa, ba ya kallona, ya ce, "Yaya, babur ɗin an sace." Na yi shiru. Ya ce wani dare a watan Yuni wasu mutum biyu suka tare shi kamar fasinja, suka kai shi wani lungu, suka nuna masa wuƙa. Da babur da waya suka tafi. Ya ce ya haddace lambata, ya kuma sami wata wayar bayan mako biyu. Sau da yawa yana danna lambar ya goge.

Na ce, "Auta, me ya hana ka kira?"

Ya ce, "In ce me? In ce wa Inna san da aka sayar ya tafi a banza? Kai kuma ka tsaya a majami'a ka ce ni ne misali. Na ce bari in tara kuɗin wani babur tukuna, sannan in kira kamar ba abin da ya faru. Kuɗin gadi ko ci ba ya isa. Kullum ina cewa wata mai zuwa."

Ƙaunatattu, na yi wa'azi a kan haƙuri ba sau ɗaya ba, na yi a kan gaskiya, amma a daren nan ba ni da abin cewa. Na gane cewa igiyar da ta ɗaure ƙanena a bakin teku, da hannuna aka tufka wani sashenta. Na yabe shi a kan abin da yake aikowa, sai ya ɗauka abin da yake aikowa shi ne darajarsa. Na ce masa, "Ka gafarta mini." Ya ce, "Haba Yaya," muryarsa ta karye. Muka ci gaba da riƙe zare.

Kusan ƙarfe 4, ruwa ya kusa cika, zaren Auta ya miƙe da ƙarfi har gorar ta yi tsalle daga ƙasa. Ya yi ta fama, yana saki yana ja, Baba yana ba shi umarni. Bai fi minti uku ba zaren ya saki. Ya jawo, babu ƙugiya babu darma, an datse zaren kamar da reza. Baba ya ce barakuda ce. Wannan shi ne kusan kamun da muka yi duk daren. Gari ya waye mu uku ba mu da ko kifi ɗaya.

Abin da ya faru da asuba shi ne dalilin wannan rubutu. Mata suka fara fitowa daga ƙauye da kwanoninsu. Wata ta hango Baba ta ɗaga murya tana tambaya. Baba ya buɗe tafin hannunsa biyu ya ɗaga sama, ya amsa da kalma ɗaya. Na tambayi Auta me ya ce. Ya ce, "Babu." Matar ta yi masa wata magana, suka yi dariya, ta wuce. Babu sunkuyar da kai, babu kame-kame, babu labarin ƙaton kifin da ya kuɓuce.

Na sa Auta ya tambaye shi ko ba ya jin kunya. Dattijon ya dube ni kamar na tambayi ko ruwa yana jiƙa mutum. Ya ce tun yana yaro yake wannan aiki, in ya ƙirga, dararen babu sun fi dararen akwai. Ya ce kunya ta ɓarawo ce. Sannan ya ƙara da wata magana. Ya ce a wurinsu duk wanda ya fita da dare, dole ya nuna fuskarsa da safe, da kifi ko babu kifi. In bai nuna ba, ba wanda zai ce yana ɓoye ne don kunya. Za a ce ruwa ya ci shi, maza su bar aikinsu su bi gaɓa suna neman gawa, mata su fara kuka. Wanda ya ɓuya don bai kama kifi ba, ya sa mutanensa makokin mai rai.

Auta ne ya juya mini wannan magana zuwa Hausa da bakinsa. Kafin ya kai ƙarshe ya kasa ci gaba.

Ba mu koma bukka hannu wofi ba. Can gaba masu babban taru sun kewaya da kwale-kwale tun da duhu, an kawo igiyoyi biyu gaɓa, mutane sun jeru suna ja da waƙa. Al'adar wurin ita ce duk wanda ya sa hannu a igiya yana da ɗan rabo. Muka shiga layi. Fiye da awa guda muna ja, tafin hannuna ya yi ƙuna. Da tarun ya fito aka ba mu 'yan ƙananan kifaye da suka cika leda ɗaya. Auta ya wanke sauran ƙugiyoyinsa da ruwan daɗi don kada gishiri ya cinye su, ya hura wuta da ɓawon kwakwa, muka gasa muka ci da garin kwaki. Kafin mu gama na miƙa masa wayata. Ya danna lambar maƙwabcinmu, aka kai wa Inna. Abin da na ji ya ce shi ne, "Inna, ni ne. Ina da rai. Babur ya tafi." Abin da ta amsa ba na rubutawa ba ne, amma ko sau ɗaya ba ta ambaci sa ba.

Na san tunaninku ya riga ya tafi ga almajiran da suka kwana su ba su kama komai ba, a Luka sura 5 da Yohanna sura 21. Nawa ma ya tafi. Bari in gyara abu ɗaya da nakan gyara wa ɗalibaina: Tekun Galili ba ruwan gishiri ba ne. Tafki ne na ruwan daɗi, tsawonsa kimanin kilomita 21, faɗinsa 13, kuma karfasa da tarwaɗa ne a ciki, irin waɗanda masuntan Haɗeja suka sani. Amma gajiyar daren ɗaya ce. Na sha koyar da Yohanna 21, kullum hankalina yana kan kifi 153 da suka cika taru. Sai a Badagry na lura da abin da ya riga wannan. An tambaye su daga gaɓa ko suna da abin ci, su kuwa, gwanayen su tun suna yara, suka amsa da gaskiya cewa babu. Da suka fito kuma, sun tarar da wuta a hure da kifi a kai da gurasa. Abincin safiyar nan bai jira kamunsu ba.

Saboda haka ina da roƙo biyu. Na farko gare ku da kuke nesa, a Legas, ko Fatakwal, ko Abuja, ko tsallaken iyaka, da ku da kuke shirin tafiya bayan girbi. Ku tafi, ku nema, neman halal ba laifi ba ne. Amma in jari ya karye, in an kore ka daga aiki, in kin faɗi jarrabawa, in abin da aka sayar don a tura ka ya salwanta, ka nuna fuskarka da safe. Ka kira ka ce babu. Za a ji zafi, wataƙila a yi faɗa, wataƙila a yi shekara ana biyan bashi. Duk wannan bai kai zafin uwar da ke leƙen kowace mota ba. Waɗanda aka bi da su ta Gberefu da sarƙa ba su da hanyar komawa. Kai kana da ita, kada kunya ta zame maka sarƙa. In kuma tafiyar ta kai ka bakin teku, ka tuna dokokin Baba, kada ka shiga ruwa don ɗaukar hoto, kada ka fita su kai kaɗai. Mu ba mu iya iyo ba, faɗin haka ma gaskiya ce mai ceton rai.

Roƙo na biyu gare mu da muke gida, ni ne kuma na farko a layin masu laifi. Mu duba yadda muke ba da shaida. In kullum wanda ya sayi babur, da wadda ta sami aiki, da wanda ya aiko da kwanon rufi ne kaɗai suke tsayawa gaba, to, muna koya wa sauran cewa mai hannu wofi ba shi da wurin tsayawa. In ɗan'uwa ya kira daga nesa, kada tambayarmu ta farko ta zama me ya aiko. Kowannenmu ya san wani a zumuntar nan da ya yi shiru wata da watanni. A wannan mako ka neme shi, ka ce masa muryarsa kawai kake so ka ji.

Auta ya biyo ni gida bayan ya sallami mai filin ya kuma yi wa Baba ban kwana. Har yau ba mu mayar da san ba. Damina biyu ke nan muna haɗa namu da na wani maƙwabci, mu yi masa huɗa ya yi mana. Auta yana noman riɗi da zoɓo, ranar Alhamis yana taya wani dillali aiki a Maigatari. Gorar zaren tana rataye a ɗakinsa, a garin da babu inda za a jefa ta. Yaran unguwa sukan tambaye shi kifi nawa ya kama a teku, yakan ce musu wani dare akwai, dare da yawa babu.

Ubangiji ya kiyaye fitarku da shigarku, ya dawo mana da na nesa lafiya. Amin.